Gishiri Biyu Masu Wuyar Narkewa a Ruwa Ɗaya: Me Ya Sa Ba a Haɗa Narkewarsu?

Wani ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai ne ya aiko da wannan tambaya. An ba su aiki cewa an zuba gishirin azurfa iri biyu, azurfa buromayid (AgBr) da azurfa tiyosayanet (AgSCN), cikin lita ɗaya ta ruwa zalla, kuma an zuba kowanne fiye da abin da ruwan zai iya narkarwa. Ksp, wato lambar da ke tsayar da iyakar narkewar gishiri, na AgBr shi ne 5.0×10⁻¹³, na AgSCN kuwa 1.0×10⁻¹². Ya lissafa narkewar kowanne daban, ya haɗa, ya sami yawan ayon ɗin azurfa (Ag⁺, ƙwayar azurfa mai caji da ke yawo a ruwa) 1.7×10⁻⁶ mol a lita. Malaminsa ya ce amsar 1.2×10⁻⁶ ce. Yana son sanin inda ya ɓata.

To, ɗan'uwa, malaminka ne da gaskiya. Hannunka bai zame a lissafi ba: tushen murabba'in 5.0×10⁻¹³ lallai 7.1×10⁻⁷ ne, na 1.0×10⁻¹² kuma 1.0×10⁻⁶. Matsalar tana can baya, a wani zato da ka yi ba tare da ka lura ka yi shi ba.

Abin da Ksp ke faɗa kaɗan ne ƙwarai. Yana cewa muddin daskararren AgBr na kwance a ƙasan ruwa kuma ruwan ya ƙoshi da shi, idan ka ninka yawan Ag⁺ da yawan Br⁻ za ka sami 5.0×10⁻¹³. Iyakarsa ke nan. Bai ce yawan Ag⁺ daidai yake da yawan Br⁻ ba. Mu ne muke ƙara wannan da kanmu lokacin da gishirin yake shi kaɗai, domin a nan kowace azurfa da ke yawo a ruwa daga gare shi ta fito, tare da buromayid ɗaya. Daga wannan ƙarin ne ɗaukar tushen murabba'i ya samo asali. Da zarar an sami wata kafa da azurfa ke shigowa ta cikinta, ƙarin ya rushe, Ksp kuma yana nan daram.

Kana iya gwada amsarka da kanka. Ka ce azurfa 1.7×10⁻⁶ ce, buromayid kuma 7.1×10⁻⁷. Ninka su: 1.2×10⁻¹². Wannan ya haura ninki biyu na Ksp ɗin AgBr. Ruwan da ke ɗauke da wannan adadi ba zai zauna lafiya ba, dole wani ɓangare na azurfa da buromayid su sake haɗuwa su kwanta. Ka saba da wannan gwaji, domin cikin daƙiƙa kaɗan yake tona kuskuren da mutum zai yi rabin awa yana nema.

Azurfar da ke cikin ruwa ba ta ɗauke da shaidar inda ta fito. Kamar mutum biyu ne suke zuba ruwa a randa ɗaya: da zarar ya shiga, ba wanda zai nuna nasa, kuma cikar randar ta shafe su duka. Saboda haka yawan Ag⁺ lamba ɗaya ce tak, kuma dole ta gamsar da sharuɗɗa biyu a lokaci guda. Mu kira ta x. Alamar [ ] kuwa na nufin yawan ayon ɗin da ke cikinta.

x · [Br⁻] = 5.0×10⁻¹³
x · [SCN⁻] = 1.0×10⁻¹²

Abubuwan da ba mu sani ba uku ne, layukan lissafi biyu. Na ukun yana fitowa daga daidaiton caji: ruwa ba ya ɗaukar caji mai rinjaye, don haka jimlar caji mai kyau daidai take da jimlar caji mara kyau. A nan wannan na nufin

x = [Br⁻] + [SCN⁻]

Yanzu ka haɗa layuka biyun farko. Za ka sami x · ([Br⁻] + [SCN⁻]) = 1.5×10⁻¹². Abin da ke cikin baka kuwa x ne da kansa. Ke nan x² = 1.5×10⁻¹², x kuma 1.22×10⁻⁶. Ga amsar malaminka ta fito. Ka lura da abin da aka haɗa: Ksp ɗin biyu ake haɗawa tukuna, sannan a ɗauki tushe. Kai kuma tushe ka fara ɗauka, sannan ka haɗa.

Daga nan sauran sai rabawa. Buromayid: 5.0×10⁻¹³ a raba da 1.22×10⁻⁶, ya ba da 4.1×10⁻⁷. Tiyosayanet: 8.2×10⁻⁷. Waɗannan su ne ainihin narkewar gishirin biyu a wannan ruwa, tunda kowane buromayid daga AgBr ya fito, kowane tiyosayanet kuma daga AgSCN. Dukansu sun ragu. AgBr ya sauko daga 7.1×10⁻⁷ zuwa 4.1×10⁻⁷, ya rasa fiye da kashi 40 cikin ɗari. AgSCN ya sauko daga 1.0×10⁻⁶ zuwa 8.2×10⁻⁷, asararsa ba ta kai kashi 20 ba. Wanda ya fi narkewa shi ne ya fi danne ɗan'uwansa. Littattafai kan bayyana wannan da ƙa'idar Le Chatelier ta 1884, wato idan aka ƙara wani abu a gefe ɗaya na daidaito, daidaiton zai karkata don ya rage shi. Gaskiya ne, sai dai ƙa'idar alkibla kawai take nunawa, ba ta ba ka lamba. Lambar daga Ksp take zuwa, kuma Walther Nernst ne ya shimfiɗa wannan tunani a 1889, a bincikensa kan yadda gishiri ke shafar narkewar wani gishirin.

Akwai wani sakamako da na fi so a cikin duk wannan, kuma ɗalibai kan wuce shi da gudu. Raba layi na biyu da na farko. x ya ɓace gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne [SCN⁻] a kan [Br⁻] daidai yake da 2. Wannan rabo ba ruwansa da yawan azurfa. Ka ƙara azurfa naitiret, duka biyun za su faɗi amma rabon na nan 2. Ka zuba amoniya ta kama azurfa, duka biyun za su tashi, rabon na nan 2. Matuƙar daskararrun biyu suna kwance a ƙasa, an ɗaure shi. Yawancin tambayoyi masu kama da wuya a wannan babi, wannan rabo ne mabuɗinsu.

Misalin da aka ba ku an zaɓe shi ne da gangan, domin Ksp ɗin biyu suna kusa da juna. Galibi ba haka abin yake ba. Ɗauki azurfa kulorayid, AgCl, mai Ksp 1.8×10⁻¹⁰, ka haɗa shi da AgBr. Jimlarsu 1.805×10⁻¹⁰, wadda kusan ba ta bambanta da na AgCl shi kaɗai ba. Azurfa ta tsaya a 1.34×10⁻⁵, AgCl bai ma san an kawo masa baƙo ba. AgBr kuwa ya sauko zuwa 3.7×10⁻⁸, wato narkewarsa ta ragu ninki 19. Idan tazarar ta kai haka, kana iya yanke hanya: lissafa na mai narkewa sosai kamar shi kaɗai ne, sannan ka ɗauki azurfarsa ka raba Ksp na ɗayan da ita. Haka ma BaSO₄ da SrSO₄, waɗanda salfet ne ya haɗa su: sitirontiyom ne ke cika ruwa da salfet, bariyom kuma narkewarsa ta faɗi fiye da ninki 50.

Kada dai ka haddace "haɗa Ksp, ɗauki tushen murabba'i" kamar doka. Ya yi aiki ne saboda gishirin biyu duk ɗaya-da-ɗaya ne. Duba CaF₂ da SrF₂, inda fulorayid ne ayon ɗin tarayya, kuma kowane gishiri biyu yake saki. Ksp ɗinsu wajen 3.9×10⁻¹¹ da 4.3×10⁻⁹. Idan y shi ne yawan fulorayid, daidaiton caji ya ce y = 2[Ca²⁺] + 2[Sr²⁺], kuma kowane ƙarfe Ksp ɗinsa ne a raba da y². Ka jera su, sai ka ga y³ = 2 × jimlar Ksp ɗin biyu. y ya fito 2.06×10⁻³. Kalsiyom ya zama 9.2×10⁻⁶, alhali da shi kaɗai ne da 2.1×10⁻⁴ zai kai. Siffar amsar ta canza, hanyar kuwa ita ce dai: Ksp ɗaya ga kowane daskararre, sannan daidaiton caji ya rufe.

Inda tarko yake na gaske shi ne lokacin da gishirin biyu ba su da tsari iri ɗaya. AgCl da azurfa kuromet, Ag₂CrO₄, sun isa misali. Ksp na kuromet 1.1×10⁻¹² ne, ya fi na AgCl ƙanƙanta fiye da ninki 160. Duk wanda ya yi hukunci da ido zai ce kuromet ne za a danne. Akasin haka ne ke faruwa. Ksp na kuromet ninkin lambobi uku ne, x² · [CrO₄²⁻], don haka ƙanƙantarsa ba ta nufin abin da ƙanƙantar ninkin lambobi biyu ke nufi. A ruwa zalla Ag₂CrO₄ na narkewa har 6.5×10⁻⁵, kusan ninki biyar na AgCl, kuma azurfa biyu yake saki kowane karo. Idan ka haɗa su, daidaiton caji ya ba da x = [Cl⁻] + 2[CrO₄²⁻], wanda ke juyewa zuwa

x³ = (1.8×10⁻¹⁰)x + 2.2×10⁻¹²

Ba sai ka firgita da ganin x³ ba. Ka fara da watsar da ɓangaren kulorayid: x ya fito 1.30×10⁻⁴. Sannan ka duba abin da ka watsar, 1.8×10⁻¹⁰ sau 1.30×10⁻⁴, wato 2.3×10⁻¹⁴, kashi ɗaya cikin ɗari kacal na 2.2×10⁻¹². Watsarwar ta halatta. Kulorayid ya zama 1.4×10⁻⁶, ma'ana AgCl ne ya sha dannewa, kusan ninki goma. Ba a kwatanta Ksp da Ksp sai tsarin gishirin ya zo ɗaya.

Wannan haɗin na kulorayid da kuromet shi ne ginshiƙin hanyar Mohr ta auna kulorayid a ruwa, wadda Karl Friedrich Mohr ya fitar a 1856 kuma har yau ana koyar da ita a ɗakunan gwaji. Ana sa ɗan kuromet cikin ruwan da za a auna, sai a riƙa ɗiga azurfa naitiret. Farin AgCl ne ke fara kwantawa, domin yana da kulorayid mai yawa a gefensa, azurfa kaɗan ta ishe shi ya cika Ksp. Muddin kulorayid na nan da yawa, shi ke riƙe azurfa a ƙasa, kuromet bai isa ya kwanta ba. Tambayar ita ce yaushe jan Ag₂CrO₄ zai bayyana. Idan kuromet 0.005 mol ne a lita, yana buƙatar azurfa ta kai tushen murabba'in 1.1×10⁻¹² a raba da 0.005, wato 1.5×10⁻⁵. A daidai lokacin da azurfar da aka ɗiga ta yi daidai da kulorayid, yawan Ag⁺ 1.34×10⁻⁵ ne. Ka ga yadda lambobin biyu suka kusa haɗuwa. Saboda haka launin ke sauyawa a inda ake so, kuma saboda haka yawan kuromet da ake sakawa ba abin wasa ba ne: ka cika shi, ja ya zo da wuri, ka rage shi, ya makara. Ruwan kuma dole ya kasance tsaka-tsaki ko mai ɗan alkali, domin a cikin asid kuromet na juyewa zuwa daikuromet, a cikin alkali mai ƙarfi kuma azurfa oksayid ke kwantawa.

Yanzu ga sharaɗin da na riƙa maimaitawa: daskararrun biyu suna kwance a ƙasa. A tambayarka an ba ka shi kyauta, tunda an ce an zuba kowanne fiye da kima. A wasu tambayoyin ba a faɗa, kai ne za ka gano, kuma nan ne ɗalibai masu ƙwazo ma suke tuntuɓe. Ksp daidaito ne kawai idan daskararren yana nan. Idan ya ƙare, Ksp ya koma iyaka: ninkin ayon ɗin zai iya zama ƙasa da shi, amma ba zai wuce shi ba.

Ga yadda abin ke kasancewa. Lita ɗaya ta ruwa mai ɗauke da sodiyom buromayid 0.01 mol, sai aka zuba mata AgCl mai yawa. Rabon kulorayid a kan buromayid dole ya zama 1.8×10⁻¹⁰ a kan 5.0×10⁻¹³, wato 360. A farko ruwan buromayid ne zalla, don haka farin AgCl zai riƙa narkewa, AgBr mai ɗan rawaya ya riƙa kwantawa a madadinsa, har sai rabon ya cika. A ƙarshe buromayid 2.8×10⁻⁵ ne kawai zai rage, an cire kashi 99.7 cikin ɗari. To amma a ce AgCl ɗin da aka zuba 0.004 mol ne kacal. Ba zai isa ba. Zai narke ƙarƙaf tun rabon bai je ko'ina ba: kulorayid 0.004, buromayid 0.006. Daskararre ɗaya ne ya rage, AgBr, kuma shi kaɗai ke da ikon tsayar da azurfa, a 8.3×10⁻¹¹. Ninka wannan da 0.004, ka sami 3.3×10⁻¹³, ƙasa da Ksp na AgCl nesa ba kusa ba, kamar yadda ya kamata. Wanda ya rubuta Ksp biyu a nan zai sami amsar da ke neman kulorayid fiye da wanda aka zuba. Idan ba ka da tabbas, ka ɗauka duka biyun suna nan, ka warware, sannan ka duba ko amsar ta buƙaci narkewar abin da ya fi wanda ake da shi. In ta buƙata, wancan daskararren ya ƙare, sai ka cire Ksp ɗinsa ka sa adadin da aka zuba a gurbinsa.

Wannan musanyar ce ke damun masu aiki da hanyar Volhard wajen auna kulorayid. Ana zuba azurfa fiye da kima, sannan a auna rarar da tiyosayanet, da ayon ɗin baƙin ƙarfe (Fe³⁺) a matsayin mai nuna ƙarshe da jan launi. Amma AgCl ya fi AgSCN narkewa, rabonsu 180 ne, don haka tiyosayanet ɗin da ya kamata ya tsaya ya ba da launi sai ya koma cin AgCl da ke kwance. Jan ya zo, ya dushe, mai auna ya ci gaba da ɗigawa, sakamako ya lalace. Maganin shi ne a tace AgCl a cire kafin a fara, ko a lulluɓe shi da naitirobenzin. A auna buromayid ba a buƙatar wannan wahala, kuma lambobin tambayarka ne suka bayyana dalili: AgBr bai fi AgSCN narkewa ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan lissafin takarda ne, kuma shi ake so a jarrabawa. A cikin kwalbar gwaji akwai abubuwan da ke karkatar da shi.

Mun ɗauka kowane gishiri yana zaune a ƙwayoyinsa daban, tsarkakke. AgCl da AgBr tsarin lu'ulu'unsu iri ɗaya ne, don haka idan suka kwanta tare sukan cakuɗa a cikin ƙwaya ɗaya, buromayid ya zauna a gurbin kulorayid. Irin wannan daskararren ba ya bin Ksp na ko ɗaya daga cikinsu sak. Wannan ne ya sa raba ayodayid da kulorayid ta hanyar ɗiga azurfa ya fi raba buromayid da kulorayid tsabta, ban da cewa tazarar Ksp ma ta fi girma: na AgI wajen 8.5×10⁻¹⁷ ne, kuma idan an fara da 0.01 na kowanne, kafin AgCl ya fara kwantawa ayodayid ɗin da ya rage bai kai ɗaya cikin miliyan ba. Salfet na bariyom, sitirontiyom da radiyom ma haka suke cakuɗa. Radiyom yakan bi bariyom ya kwanta ko da yawansa bai kusanci nasa Ksp ba, kuma wannan manne wa juna ne ya sa Marie Curie ta sha doguwar wahalar maimaita daskarar da gishirin kulorayid kafin ta ware kashi ɗaya cikin goma na giram na radiyom kulorayid a 1902.

Sannan dannewar ayon ɗin tarayya tana da iyaka. Lissafi ya ce AgCl a cikin sodiyom kulorayid 0.1 mol a lita zai narke 1.8×10⁻⁹ kawai. Abin da ake aunawa ya ninka haka fiye da sau dubu, domin rarar kulorayid na kama azurfa ta samar da AgCl₂⁻, wanda ke narkewa. Narkewar tana raguwa ne har zuwa wani wuri tsakanin 0.001 da 0.01, daga nan ta juya ta fara hawa. Shi ya sa mai auna nauyin abin da ya kwanta yake zuba 'yar rara kaɗan, ba ya ambaliya.

Ayon ɗin da ba su da tarayya da gishirin ma suna da tasiri, kuma nasu ƙara narkewa ne. Kowane ayon a ruwa mai gishiri yana kewaye da masu kishiyar caji, abin da ke rage masa kuzarin haɗuwa da abokinsa. Debye da Hückel ne suka ba wannan lissafi a 1923. A ruwa mai potasiyom naitiret 0.01 mol a lita, ayon mai caji ɗaya yana aiki kamar kashi 90 cikin ɗari na adadinsa, mai caji biyu kuma kamar kashi biyu cikin uku. Sakamakon haka AgCl kan ƙara narkewa da wajen kashi goma cikin ɗari, BaSO₄ kuwa da wajen rabi. A tambayarka wannan bai taso ba, tunda ayon ɗin da ke ruwan duka wajen kashi ɗaya cikin miliyan ne na mol a lita, gyaran bai kai a rubuta shi ba. Abin da zai fi motsa lambarka shi ne teburin da ka duba: wasu littattafan 5.4×10⁻¹³ suke ba AgBr a digiri 25, kuma da wannan x zai fito 1.24×10⁻⁶ maimakon 1.22×10⁻⁶. A lambobi biyu na farko duk 1.2 ne.